Takardar da ta Riga Zangarniya

Litinin, 8 ga Nuwamba 1954, da hantsi

Labari ya iso daga Geceme tare da kamyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa. Shekaranjiya Asabar shanu sun shiga dawar da ba a yanke ba. Gonar wata Hasiya, wadda mijinta ya rasu bara, ita ta fi shan ɓarna, an ce ko karan kirki ba a bar mata ba. An ɗaga sanduna. Habu, ƙanen mijinta, yana kwance da karyayyen hannu, an kuma sari saniya guda a ƙafa. Wanda ya fara, kowa da abin da yake faɗi.

A kayena, ɗan littafin rubutuna na kaina, nake wannan rubutu, don littafin ƙungiya ba wurin zuba zuciya ba ne. Ni Saminu, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya na Dogon Dutsi, ni ne sakataren Ƙungiyar Gona da Garke tun ranar da aka kafa ta. Dokokinta goma sha huɗu da hannuna na tsara su, da Faransanci da Hausa, kuma har yau ba a sami wanda ya gyara mini ko ɗigo ba. Mu biyar ne a biro, wato kwamitin da ke jan ƙungiyar: Baba Gado shugaba, Inusa wakilin manoman kudu, wato Geceme da Tibiri, Ɗanbaba na manoman Matankari a arewa, Buba na makiyaya, sai ni mai alƙalami da hatimi. Kafin mu, babu kakar da ke wucewa ba a fasa kan wani ba. Kaka uku ke nan jini bai zuba ba sai wannan.

Ban tsorata ba. Don irin wannan rana aka kafa biro, kuma komai yana kan tsari.

Litinin, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda ake sakin gonaki, ko don wanda zai riƙe littafi bayana.

Arewa da Dutsi gero ake shukawa, da wuri ake kawar da shi. A kudu akwai dawa, ita kuwa ba ta gaggawa. Saboda haka tun zamanin kakanni, makiyayi ba ya kaɗa garke cikin gonaki sai mutumin kudu ya yanke gonar ƙarshe, ya karyo zangarniya guda daga cikinta, ya kawo gaban dattawa, a miƙa ta hannun babban makiyaya. Zangarniyar ita ce izini. Da muka kafa ƙungiya muka gaji wannan, Inusa ke kawowa, Buba ke karɓa. Al'ada ce mai kyau, ban taɓa kushe ta ba. Abin da na sha faɗi kawai shi ne ba ta da rana. Mutum ya tara shanu ɗari biyar a bakin burtali, ciyawa ta ƙare, yana jiran dokin Inusa, dokin da ni ma da ƙafa sai in riga shi isa.

Ranar Juma'a 29 ga Oktoba biro ya zauna. Inusa bai zo ba, Buba yana can wajen shanu. Mu uku ne, kuma doka ta tara ta ce uku sun isa yanke shawara. Na buɗe littafi na nuna musu cewa bara da bara waccan, zangarniya ta iso kafin biyar ga Nuwamba. Ɗanbaba ya amince nan take, don mutanensa sun gama girbi tun tuni, takin shanu suke jira. Baba Gado ya ce a rubuta biyar ga wata, ya dangwala yatsa, amma takarda ta zauna cikin akwati har zangarniya ta zo. Haka na rubuta, haka yake a littafi.

Ruwa ya makara a kudu bana. Wannan ba ya cikin littafi.

Talata, 9 ga Nuwamba, da azahar

Wasiƙa shida na rubuta yau, ko ɗigo ban ɓata ba.

Laraba, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Baba Gado ya zo rumfata da kansa, yana dogara sandarsa. Tsoho ne da ba ya ɓata kalma, yakan bar mutum ya yi ta zuba har ya gaji da jin muryarsa. Na shimfiɗa masa buzu, muka gaisa, muka jajanta wa juna. Ya ce a aika wa kowa, biro zai zauna jibi. Sai da ya miƙe zai tafi ya juyo.

"Takardag ga da munka rubuta, tana nan cikin akwati?"

"Tana nan, Baba."

Na buɗe akwati na ɗauko na miƙa masa. Ba ya karatu, amma ya juya ta gaba da baya, ya ce alhamdu lillahi, ashe ba daga wajenmu ba ne. Bai nemi shaidar yatsansa ba, idonsa ya yi rauni. Ya maido mini ya tafi.

Kowace takarda biyu nake rubuta ta, haka aka koya mana a lakwal, makarantar boko. Sakataren da ya san aikinsa ba ya rubuta guda.

Juma'a, 12 ga Nuwamba, bayan magariba

Biro ya zauna a zauren Baba Gado bayan an sauko daga masallaci, mu biyar cif.

Inusa ya iso da ƙurar hanya har gira, ko ruwa bai sha ba ya fara. Ya ce zangarniyar ƙarshe tana tsaye a gona, bai karye ta ba, bai aiki kowa ba. Ya ce da idonsa ya ga Hasiya tana tsintar abin da kofato ya tattake tana zubawa cikin zane. Ya ce mutanen Geceme sun aiko shi da magana guda: ko a cire Buba daga biro a gaban jama'a, ko su fita daga ƙungiya su koma tsaron gonarsu da kibiya. Ɗanbaba ya mara masa baya da zafi fiye da na mai gonar, shi da shanun suka kwana bakwai suna yi masa taki.

Baba Gado ya juya wajen Buba ya tambaye shi wa ya ba su hanya. Buba dogo ne siriri, ya zauna da malafarsa a kan gwiwa, yana kallon tabarma. Daga nan ya amsa.

"Shanun namu na. Sun shiga. Ba ni da wata magana."

An tambaye shi sau uku, sau uku ya maimaita. Sau ɗaya ya ɗago kai, wajena ya duba, ko kuwa wajen ƙofar da ke bayana, ban tabbata ba. Ni rubutu nake yi. Aikin sakatare a zama shi ne rubutu.

Ni na kawo mafita, kuma kowa ya yaba. Na ce doka ta sha ɗaya ba ta bai wa biro ikon cire ɗan biro ba, sai babban taro, shi kuma sai an yi shelar sati uku. Aka sa Juma'a 3 ga Disamba. A cikin sati uku zukata za su huce, a tara wa Hasiya damma, hannun Habu ya ɗinke, maganar cirewa ta bi ruwa. Na san mutanenmu, fushinsu ba ya kai kasuwa uku. Inusa ma da zai tafi sai da ya ce da ba don kan Mushe Saminu ba da yau an tashi baram-baram. Mushe, wato malam ke nan da Faransanci.

Asabar, 13 ga Nuwamba, da safe

Balki, matata, ta ce jiya na bar rabin tuwo. Na ce mata miyar ce ta yi gishiri. Ta ɗanɗana a gabana, ta dube ni, ta kwashe kwanon.

Talata, 16 ga Nuwamba, da la'asar

Na haɗu da Buba a bakin rijiyar kasuwa.

Tsakanin Ba'are irina da Bafillace akwai wasa, kowa ya sani, amma namu ni da shi ya wuce na kowa. Shekara uku bai taɓa kirana da sunana ba. Bawana yake ce mini, ya ce alƙalamina ma daga gashin kazar kakansa aka fige shi, ni kuma in ce masa ɓarawon kara, wanda bai taɓa shuka ko ƙwaya ba amma ya fi kowa sanin ranar girbi. Ranar da aka haifi ɗiyata ta fari, da ƙwaryar nono ya zo, ya ce ya zo ganin sabuwar baiwarsa.

Yau ya cire takalmi ya gaishe ni. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya ce Allah shi taimaki sakatare. Na ce masa ɓarawon kara, yau kuma ladabin na mene ne? Ya yi murmushi kamar yadda ake yi wa baƙo, ya saɓa sandarsa ya wuce. Da zagina ya yi a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Amma bai ce komai ba, kuma ba zai ce ba. Na san irinsu, kunya ta fi musu rai.

Alhamis, 18 ga Nuwamba, da azahar

Ƙaramin kumandan, mataimakin Baturen da ke mulkin yankin nan, ya sa an kira ni. Ya ji labarin Geceme. Na yi masa bayani da Faransancin da ya sa ya ajiye alƙalaminsa ya saurara: biro ya zauna, an sa ranar taro, babu bukatar aika gardi, dogaran gwamnati. Ya ce madalla, ƙungiyar da ke wanke kayanta da kanta ita suke so. Ya tuna cewa tun farkon wata na kawo masa ranar sakin gonaki a rubuce, abin da bai taɓa gani ba a wannan ƙasa, ya ce har ya ambata a rahotonsa. Sannan ya sake taɓo maganar tafintansu da zai ajiye aiki a ƙarshen shekara.

Na fito ina jin kaina kamar sabon takalmi. Sai da na kai rumfa na tuna ban tambayi kowa yadda hannun Habu yake ba.

Lahadi, 21 ga Nuwamba, da hantsi

Komai yana kan tsari. Kwana goma sha biyu.

Laraba, 24 ga Nuwamba, da la'asar

Fushin bai huce ba. Lissafina ya kuskure a nan, na yarda. An ce a Tibiri an hana matan Filani sayar da nono, a Geceme an toshe burtali da ƙaya. Makiyaya kuma sun ce in aka kunyata Buba gaban jama'a, babu sauran mai zama tabarma ɗaya da manomi.

Ɗanbaba ya zo da goro, abin da bai saba ba. Ya zauna yana ta kewaye-kewaye, damina, farashin wake, ciwon bayansa. Can ya ce mai kamyon da ke bin hanyar Matankari abokinsa ne, mutum ne mai yawan surutu, amma ya ja masa kunne. Ya ce Buba ko an cire shi ba abin da ya rage shi, daji gidansa ne, gobe yana wata ƙasa. Mu kuwa a nan aka binne cibiyarmu. Ya ce ranar taro shi zai kawo maganar cirewa, ni kawai in ƙirga hannuwa in rubuta.

"Kai ka rubutu, mu ka ɗaga hannu. Kowa da aikinai," in ji shi.

Na ce masa na ji. Da ya tafi na bai wa maƙwabcina mai gyaran keke goron, ban iya cinsa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ya dafa kafaɗata, kamar mun yi tarayya a wani abu.

Asabar, 27 ga Nuwamba, da azahar

Wata mace ta zo rumfata da hantsi, gajera, zanenta ya koɗe amma a wanke. Ta ce an ce mata nan ne ake rubuta takarda. Sun kawo mara lafiya gidan likita daga Geceme, hannunsa da ya karye ya ƙi ɗinkuwa, ya kumbura. Tana so a rubuta wa ɗanta da ke dako a Kumasi. Na tambayi sunanta don in sa a ƙasa, ta ce Hasiya.

Ba ta san ni ba. Ta zauna a ƙasa ta harɗe hannu, tana faɗi ina rubutawa. A gaishe shi. A ce masa dawar da ubansa ya bar musu irinta, wadda ta nome ita kaɗai, babu ita. A ce masa kada ya taso, kada ya ɗauko fushi, ya tsaya ga aikinsa. A ce masa rumbu zai kai su watan bakwai in an yi ci sau ɗaya. Ba ta yi kuka ba, da muryar da ake lissafa kayan miya ta faɗe su. Sannan ta ce a rubuta masa sunan wanda ya yi musu wannan, wani Bafillace ana ce masa Buba, don ya sani, ko bayan ranta.

Na rubuta komai. Da na zo wurin sunan, alƙalami ya tsaya, na bar fili. Ta ce in karanta mata ta ji. Na karanta, da na iso filin na ce Buba, da bakina, ba tare da na yi tuntuɓe ba. Ta gyaɗa kai. Na ƙi karɓar ladan rubutu, ta yi ta sa mini albarka, ta ce Allah shi ba ni ɗiyan da za su ji ƙaina.

Wasiƙar tana cikin aljihuna, ban kai ta gidan waya ba.

Litinin, 29 ga Nuwamba, da asuba

Na duba abin da na rubuta tun takwas ga wata. Sakataren kirki ne ya rubuta shi, babu ƙarya ko guda da za a kama, kuma babu gaskiya.

Ranar Asabar 30 ga Oktoba kamyo zai tafi arewa, wani ba zai sake tafiya ba sai bayan sati. Na buɗe akwati, na ɗauki takardar da ke da yatsan Baba Gado, na buga mata hatimi, na ba mai kamyo ya kai wa Buba, na ce a gaya masa bana takarda ce a madadin zangarniya, biro ya yanke. Na tabbata zangarniya za ta iso kafin biyar ga wata, littafi ya nuna haka shekara biyu. Ina so in shiga ofishin ƙaramin kumandan da rana a rubuce. Buba ba ya karatu. Hatimi ya gani, da sunana a bakin ɗan aike.

Ni na aika.

Alhamis, 2 ga Disamba, bayan la'asar

Na gaya wa Balki. Tana tankaɗe, ba ta tsaya ba. Ta ce ita dai ta san ba gishiri ba ne. Ta tambaye ni ko aikin tafinta zai tafi, na ce zai tafi. Ta ce to, da ma ba ta ga inda za ta ajiye mijin da ya fi wannan girman kai ba. Ta ciro farar rigata ta wanke, ta ce in za a zage ni, a zage ni da tsabta.

Ban ji tsoro ba. Wannan karon da gaske nake.

Juma'a, 3 ga Disamba, bayan magariba

An yi taro ƙarƙashin gawon da ke bayan kasuwa. Mutanen kudu sun cika wuri, har da Habu da hannunsa a rataye. Makiyaya kaɗan ne, suna tsaye daga nesa. Buba bai zo ba, ya aiko cewa a yi abin da za a yi.

Ɗanbaba ya kawo maganarsa, jama'a suka ɗauka da guna-guni, hannuwa har sun fara tashi. Na miƙe na ce doka ta shida ta ce ba a ɗaga hannu sai sakatare ya karanta zaman da ya gabata. Na karanta na 29 ga Oktoba, har da sharaɗin Baba Gado. Sannan na rufe littafi na faɗi sauran da bakina, yadda na rubuta shi ranar Litinin, ban rage ba. Na faɗi maganar tafinta ma, don in ban faɗe ta ba wani zai faɗa mini ita.

Wuri ya ɓarke. Abin da aka kira ni da shi ba zan rubuta ba, wasu sunayen ma na cancance su. Inusa ya rantse ba zai sake zama da ni ba. Ɗanbaba ya fi kowa mamaki, har da tafa hannu. Na dube shi na bar shi, laifina ya ishe ni ɗauka.

Baba Gado ya ɗaga sanda aka yi shiru.

"Wadda kan nuna mini fa?"

"Ƴar'uwarta ce, Baba. Biyu nake rubutawa."

Ya daɗe yana kallona. Wannan kallon ya fi duk zagin zafi. Sannan ya juya ga jama'a ya ce yaron nan ya yi laifi, amma shi ma yana da nasa. Mutum huɗu da ba su karatu sun ɗora alƙalami da hatimi da akwati a hannun mutum guda, suka koma suna barci, shi ne kuma babban mai barcin. Ya ce in aka kore ni aka ɗauko wani aka ba shi duka ukun, baɗi ma a nan za a taru.

Abin da aka ɗaga wa hannu, ni na rubuta shi: hatimi ya koma gidan shugaba. Kowace takarda sai limamin kasuwa ya karanta ta Hausar a fili kafin ta fita. Doka ta tara ta canza, ba a sakin gonaki sai mutum biyar sun zauna kuma zangarniya tana kan tabarma. Ni zan ci gaba da rubutu, amma ba ni da hannun ɗagawa a biro har shekara. Daga nawa rumbun za a fara cika na Hasiya, kuma ni zan kai da kaina. Buba ba shi da laifi, ni zan je in gaya masa, da ƙafa.

Hasiya tana gefe cikin mata. Na je na durƙusa na miƙa mata wasiƙarta, na ce akwai fili a ciki, sunana ne ya kamata ya shiga. Ta ce in rubuta. Na rubuta a kan gwiwata, ta karɓa ta ba wani ya kai gidan waya. Ta juya wajen matan.

Asabar, 4 ga Disamba, da la'asar

Tun asuba na kama hanya, rana ta take tsaka kafin in kai rugarsu. Na tarar ana ɗaure kaya. An kwance bukkoki biyu, an ɗora tabarmi kan bijimi. Buba yana zaune gindin aduwa yana gyaran takalmi. Labari ya riga ni, amma ya bar ni na faɗa tun daga farko, a tsaye, cikin rana.

Na tambaye shi abin da ya hana shi nuna takardar, ga ta da hatimi, da ta wanke shi cikin zama ɗaya. Ya ce in ya nuna ta, ya wanke kansa, ya kashe ƙungiya, don daga ranar babu makiyayin da zai sake yarda da takardar biro, babu manomin da zai yarda da mai rubuta ta. In kuwa ni na faɗa da bakina, an san akwai sauran mutum a cikin biron. Ya ce shi ma yana da nasa, ya san ba a ba shi zangarniya ba, amma yunwar shanu ta sa ya yarda da takarda.

Sai ya jawo wata igiya daga ƙarƙashin buzunsa ya jefo mini. Ƙulle-ƙulle ne a jikinta tun daga wannan baki. Ya ce in ƙirga, tunda ni ne mai ilimi. Ashirin da takwas.

"Tun rad da shanu sunka shiga, kullum in an gama tatsa sai in ƙulla guda. Talatin nib ba ka."

Na ce da sun cika fa?

"Da na ƙone takardar, in kaɗa shanu ƙetaren iyaka, ƙasar da Ingilishi ka mulki. Ni da ɗiyana da jikokina, ba mu ƙara sanin wani Ba'are."

Ya kira mata ya ce a sauke kayan. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya koma kan takalminsa. Na zauna da igiyar a hannu na sake ƙirgawa, ko na yi kuskure. Ban yi ba. Kwana biyu suka rage mini, ni kuwa duk watan nan ina rubuta cewa komai yana kan tsari.

Jibi zan ɗora dawa in tafi Geceme.